Baba da Jar Masararsa

Mutane sun zo, ba zan yi musu ƙarya ba. Tun daga ranar da Baba ya cika, ƙofar gidanmu na Trikania ba ta sake rufuwa ba. An kafa rumfa har ta tare layi, masu acaɓa suna zagayawa ta baya suna gunaguni. Ni kuwa, 'yar autarsa, wadda ta zauna da shi tun bayan rasuwar Mama, aka shimfiɗa mini tabarma a falo, aka ce in zauna kada in motsa. Haka ake yi a wurinmu. Mai makoki ba ta shara, ba ta ɗiban ruwa, ba ta ko leƙa madafa. Matan zumunta na cocinmu su ne masu gidan har a tashi.

Sai na zauna ina sauraron abin da ake faɗa a kansa. Fasto ya ce Baba ginshiƙin ikilisiya ne. Ban musa ba, amma na san a bencin baya yake zama, kusa da taga, don ya riƙa duba hadari. Wani dattijo ya ce shi bai taɓa jin Baba ya ɗaga murya ba. Na sunkuyar da kai don kada a ga fuskata, domin duk akuyar da ta taɓa shiga gonar Baba ta san muryarsa, mai ita ma ya sani. Yaya, babban wanmu, wanda ya iso daga Abuja da buhunan shinkafa da abokansa masu ƙamshin turare, ya tsaya a rumfa ya ce mahaifinsa ne ya koya masa duk abin da ya sani a duniya. Na so in tambaye shi a gaban jama'a ko ya san a wane ɗaki Baba yake kwana. Makaniken da ke maƙwabtaka da mu, ɗan Ibo, shi bai yi jawabi ba. Ya shigo sanye da tufafin aikinsa baƙi ƙirin da mai, ya tsaya a bakin ƙofa ya yi kuka, ya koma gareji.

Mutum ɗaya ne ya faɗi abin da ya yi kama da Baba. Wani tsoho ne da muke kira Malam, abokin aikinsa tun zamanin masaƙa, ya haye gada daga arewacin gari don ya yi mana gaisuwa. Ya durƙusa a bakin tabarmata, ya ce Allah ya ba mu haƙuri, sa'an nan ya rage murya.

"'Yata, iri fa?"

"Yana nan, Malam. A rataye, inda ya bar shi."

"To, alhamdu lillahi. Ki kula da shi."

Babu wanda ya gane abin da muke nufi a falon nan, har da 'ya'yan da Baba ya haifa. Shi ya sa nake wannan rubutu. In na bar wa masu jawabi, za a tuna da wani mutum mai haƙuri da shiru wanda ban taɓa zama da shi ba.

Irin da Malam ya tambaya irin masara ne. Kakarmu ce ta ƙulle wa Baba shi a tsumma ranar da zai bar ƙauye ya zo Kaduna neman aiki a masaƙar Kakuri, yana saurayi. Ya shuka shi a bayan gidan haya, ya shuka a gefen layin dogo, daga baya ya sayi fili a Kamazou da niyyar gini. Masaƙa ta rufe, ginin bai yiwu ba, filin ya zama gona. Masarar ba ta da wani kyan gani. Ja ce da ratsin baƙi, goyonta ƙanana, ƙwayarta tauri, mai injin niƙa in ya gan mu da ita sai ya ɓata rai. Yaya tun yana makaranta yake ce mata masarar wahala. Amma in an yi pate, wato faten tsaki, da ita, launinsa yakan zama kamar jar ƙasa, ƙamshinsa kuwa har layi na biyu ana ji. Baba bai taɓa sa mata wani suna ba. "Ta gida" kawai yake cewa.

Da farko sha'awa ce, irin ta mutumin da ya bar garinsu. Abin ya canja a shekarar da aka watse daga ƙauyenmu. Ba zan ba da wannan labarin a nan ba, duk wanda ya fito daga wajenmu yana da irinsa. An ƙone rumbuna, kuma mai gudu yara yake ɗauka, ba ya tsayawa neman iri. Baba ya bi mutanenmu da suka iso gari gida-gida, daga Gonin Gora har Sabon Tasha, yana tambaya ko wani ya fito da ita. Ba a samu ba. Ranar da ya dawo daga yawon ƙarshe ya zauna a baranda bai ko cire takalmi ba.

"Auta," ya ce, "daga yau masarar nan ba tawa ba ce. Ajiya ce."

"Ajiyar wa, Baba?"

"Ta masu komawa. Ranar da suka koma da me za su shuka? Da irin leda, wanda in ka shuka bana, baɗi sai ka sake saye?"

Na ce wa ya ce masa za a koma. Ya dube ni kamar na zage shi, ya tashi ya shiga ciki.

Yana da hanyarsa ta zaɓen iri, kuma ba a canja masa ita. Tun masara tana tsaye yake bin kunya-kunya, in ya ga kara mai ƙarfi wanda goyonsa ya rufe baki da kyau, sai ya ɗaura masa ƙyallen atamfa. Mai ƙyalle ba a taɓa ta. Sauran kuwa ta kowa ce. A lokacin ɗanyar masara duk layinmu sai an ci, ya gasa ya ba makanike da yaransa, ya aika wa masu ciki, ya kai ta farko coci ranar godiyar kaka. Wata rana da safe muka iske wata mata a cikin gonar tana karya, da kwando a gefenta da jariri goye a bayanta. Ta gan mu ta daskare. Ni har na fara tattara zagin da zan yi mata. Baba ya je ya leƙa kwandon, ya juya masarar ɗaya bayan ɗaya, ya ga babu mai ƙyalle. Sai ya shiga ya ƙara karyo mata har kwandon ya cika, ya taya ta ɗauka.

"Gobe ma in kin zo," ya ce mata, "ki ɗebi waɗannan. Amma masu ƙyalle, ko yunwa za ta kashe ki, ki zo gida in ba ki shinkafa."

A hanya na ce masa ya koya wa ɓarayi hanya. Ya ce ai ta riga ta san hanya, doka ce ba ta sani ba.

Babban faɗanmu da shi a kan madafa muka yi. A bayan gidanmu akwai tsohuwar madafar Mama, ta murhun itace, rufinta baƙi da kunkunniya. A nan yake rataye irin, daidai saman murhu, domin hayaƙi ne yake hana ƙwari shiga. Ni kuma na sayi gas, na daina shiga can, ina so a rushe ta a fitar mini da shagon ɗinki, don na gaji da ɗinki a falo. Na kawo magini har ya auna. Baba ya fito ya same mu.

"Wa ya mutu aka ba ki gadon gidan?"

"Baba, wa yake girki da itace yanzu? A sa irin a galan mana, a zuba magani a rufe, kamar yadda kowa yake yi."

"Kowa ɗin, ina irinsa yake?"

Ya kori maginin da muryar nan da dattijon coci bai taɓa ji ba. Muka yi kwanaki ba ma magana, ina ajiye masa abinci yana tsallakewa ya tafi wurin mai ƙosai. Ni ma ban sauko ba, jininsa ne a jikina. Ran nan na dawo daga kasuwa na iske ya kwashe kayansa daga babban ɗakinsa mai ƙofa ta waje, ya koma ɗan ƙaramin ɗakin da ke kusa da madafa, wanda muke ajiye tarkace. Ya jawo keken ɗinkina da kansa ya kai babban ɗakin. A ƙaramin ɗakin nan ya zauna har ƙarshe, kuma kowace safiya sai ya hura wuta a murhun da ba a ɗora komai a kai, ya zuba ɗanyen ganye don hayaƙi ya tashi.

Labarin tsutsar kuwa daga bakin makanike muka fara ji. Ya je gida can gabas ya dawo, ya zo gaishe da Baba yana girgiza kai.

"Baba, wani abu ya cinye masarar mamana kaf. Tsutsa ne, amma no be irin wanda mun sani. Yana shiga cikin zuciya na masara, yana ci daga ciki."

Baba ya yi masa jaje, amma da ya fita sai ya ce mini wannan ciwon masu yawan ruwa ne, zafin Kaduna kaɗai ya ishe ta. Damina ta gaba matan da ke gasa masara a bakin titi a Gonin Gora suka fara cewa direbobin da ke tasowa daga Abuja suna ba da labarin gonaki a kan hanya, ganye duk huji. Baba ya daina zancen zafin Kaduna. Ya riƙa zuwa Gonin Gora ba don sayen komai ba, sai don ya ji inda abin ya kawo. Kullum in ya dawo, sunan garin da zai ambata ya fi na jiya kusa.

Wata rana da magariba muna baranda, an kawo wuta, sai ga wasu ƙwari suna zagaya ƙwan lantarki. Kamar malam-buɗe-littafi suke, amma ƙanana, masu launin toka, ba su da wani ado. Baba ya kama ɗaya a tafin hannu, ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Na san danginsa," ya ce. "Ina yaro, in aka yi shekara mai ruwa, iska takan kawo irinsu daga kudu. Su yi ƙwai, tsutsa ta ci abin da za ta ci, su wuce. Sai mutum ya yi aure ya haihu bai sake ganinsu ba. Baƙi ne."

"To, wannan ma zai wuce."

"A'a. Wannan da kayansa ya zo."

Ya faɗi gaskiya. Ba a jima ba muka je Kamazou muka iske ganyen masara kamar an bi shi da almakashi. In ka buɗe tsakiyar karan, inda sabon ganye yake fitowa, sai ka ga wani abu kamar garin katako a jiƙe, a ƙarƙashinsa kuma tsutsa ta yi kwance ta ƙoshi. Ƙwaron nan mai launin toka shi ne uwarta. Yakan bi bayan ganye ya ajiye ƙwai a dunƙule, ya rufe da wani gashi-gashi, ya tashi ya yi gaba. Rani ya zo, muka ce to yanzu za su mutu. Suka koma gonakin masu noman rani a bakin kogi suka jira mu.

Yaya ya ji labari a waya, ya aiko direbansa da famfon feshi da kwalaben magani. Shi bai zo ba, amma ya kira sau da yawa ya tambaya ko kayan sun iso. Shekarar farko maganin ya yi aiki. Ta biyu kuwa sai ka fesa da safe, da yamma ka buɗe kara ka ga tsutsar tana motsi abinta. Baba ya jingine famfon ya koma ga hannunsa. Yakan tankaɗe toka ya gauraya da yashi a gwangwani, ya bi kara ɗaya-ɗaya yana zubawa a tsakiya. Ya murtsuke ƙwan da yatsa. Ya sa ni in riƙa tara masa ruwan da na wanke busasshen kifi, ya yayyafa a gindin masara don tururuwa su hau su tarar da tsutsar. Masu gonakin kusa suka yi ta yi masa dariya, daga baya na ga wasunsu da gwangwani.

A nan ne ya yi dabarar da yake ganin ta fi kowace. Ya raba irin biyu, ya ɗauki rabi ya haye gada ya kai wa Malam. Da can a layi ɗaya suke zaune a Kakuri, kafin a raba garin nan kowa ya koma gefen kogin da ake ibada irin tasa. Malam yana da gona can kan hanyar Zariya. Baba ya ce arewa ta fi bushewa, ƙwaron ba zai kai can ba, in tamu ta lalace akwai ta Malam. Da kaka ta yi sai ga Malam a ƙofar gida da buhu a naɗe a hammata, babu komai a ciki. Ya kasa haɗa ido da Baba.

"Wallahi na yi iyakar yina," ya ce. "Ko ta iri ban fitar ba. An ce har Kano ya kai."

Baba ya yi wata dariya da ba ta da daɗin ji.

"Ka gani ko, Malam? Ni in zan zo wurinka sai na duba yanayin gari, kai ma haka. Shi kuwa ya haye gada bai tambayi addinin kowa ba."

Suka zauna suka sha kunu. Daga ranar abin da ya rage na jar masarar a duniya, iyakar saninmu, shi ne abin da ke rataye a madafarmu.

Daminar ƙarshe ita ce ba na son tunawa. Ƙafafunsa sun fara kumbura, likita ya ce zuciya ce, ya hana shi wahala. Baba ya ce to, ya karɓi magani, washegari da sassafe ya tafi Kamazou. Ya rage gonar ta koma 'yan kunyoyi kaɗan don ya iya bin kowane kara. Ran Asabar nakan rufe shago in bi shi. Da tsayuwa ta gagare shi sai ya koma rarrafe, tsoho mai jikoki, a cikin raɓa, da gwangwanin toka a hannu. Na yi masa faɗa, na yi kuka, na kira Yaya na ce ya zo ya ga ubansa. Yaya ya ce in ba Baba wayar.

"Baba, don Allah ka bar noman nan. Me kake nema? Duk wata ba ina aiko muku da abinci ba?"

"Kana aikowa, Allah ya yi maka albarka."

"To, ka huta mana."

"In na huta, kai za ka zo ka zuba tokar?"

Yaya ya yi dariya, ya ce Baba ba ya rabo da barkwanci.

Abin da aka samu a shekarar ɗan dami ne guda, in an ɓare bai fi mudu biyu ba. Baba ya ɗaura wa kusan kowane kara ƙyalle, don babu na zaɓe. A karo na farko tun da na yi wayo ba mu ci ko ɗaya ba, layinmu ma ba a ci ba. Ranar godiyar kaka ya kai kaza coci maimakon masara, na ji wata tana raɗa cewa tsufa ya sa Baba rowa. Ya ɗaure damin da igiya, ya sa ni na hau kujera na rataye, yana ƙasa yana ba da umarni kamar ana ɗora rufin gida. Ya ce bana mun tsira da iri, baɗi sai mu nemi na ci.

Bai ga baɗin ba. Da zafin bazara ya tsananta numfashi ya fara yi masa wuya, aka kwantar da shi a asibiti. Kullum na shigo da abinci, kafin in ajiye kwano, tambayarsa ɗaya ce: "Kin hura wuta?" In ce na hura. Ya sa in matso ya sansana zanena, in ya ji hayaƙi sai ya kwanta. A gadon nan ya koya mini abin da ya rage. Kada in yarda da ruwan farko, in jira na biyu mai ƙarfi. Kada in shuka duka, in rage kashi ɗaya a rataye ko da shukar ta ƙi. In masu gonar kusa sun shuka farar masara, in jinkirta tawa don kada su haɗu su gauraya. Na ce masa ni tela ce, ba manomiya ba. Ya ce shi ma masaƙi ne.

Ya so a kai shi gida a binne kusa da Kaka. Manya suka zauna suka ce hanya ba ta yi kyan da za a bi da gawa da jama'a ba, aka binne shi a nan. Wannan ma na haɗiye.

Ranar jana'izar, bayan an dawo daga maƙabarta, gida ya cika har ba wurin taka ƙafa. Tsofaffin ƙauyenmu da suka warwatsu sun zo daga wurare dabam-dabam. A cikinsu akwai Gwaggo, 'yar'uwar Baba da ta girme shi, wadda tun da aka watse take zaune wurin ɗanta a can Nasarawa, ba su sake haɗuwa ba. Aka kawo musu shinkafar Yaya, suka taɓa kaɗan suka ture. Tsofaffinmu ba sa ɗaukar shinkafa a matsayin abinci. Wani ya ce da dai za a samu pate.

Ni ina kan tabarmata, ban san abin da ake ciki ba. Tun da aka fara makoki hankalina a kwance yake game da irin, domin matan zumunta a tsohuwar madafar suke girki da manyan tukwane, hayaƙi kuwa har ya yi yawa. Wajen la'asar sai shugabar zumunta, mace mai kirki wadda ta yi ta ɗawainiya da mu kamar ita ta haife mu, ta shigo da kwano a rufe ta ajiye a gabana.

"Ci, 'yata. Tun jiya ba ki sa komai a bakinki ba."

Na buɗe. Ƙamshin ne ya fara isowa, sa'an nan na ga launin. Na tashi tsaye. Mata suka riƙe ni suna cewa in zauna, ba a yin haka, na fizge na yi bayan gida ba ko takalmi. Igiyar tana nan tana lilo a saman murhu. Totuwar kuwa, da ita aka ƙara wuta.

"Wa ya ce ku sauke masarar nan?"

Shugabar ta biyo ni tana haki. Ta ce tsofaffi ne suka nemi pate, babu masara a gidan sai wannan, su kuma ba sa taɓa abu sai sun tambaya. Ba su so su dame ni ina cikin baƙin ciki, kuma ga babban ɗa a gida, ai shi ake tambaya. Sun same shi a rumfa yana waya, ya ce su ɗauka mana, Baba ba ya rabo da masara, akwai wata a ciki. Sun ɓare, sun kai inji an ɓarza, sun share wurin tas. Ita shugabar a Kakuri aka haife ta, ba ta taɓa riƙe fartanya ba. Komai ta yi shi bisa ƙa'ida, shi ya sa na rasa inda zan sa fushina.

Na durƙusa na bi ƙasan madafar da hannu, na duba bayan murhu, na zazzage kwandon shara. Matan zumunta sun iya shara. Yaya ya zo ya tsaya a kaina, an gaya masa auta tana abin kunya.

"Haba, auta, masara ce fa. Gobe in sa a kawo miki buhu guda."

Na ɗaga kai na dube shi. Na tsane shi a lokacin, kuma har yau ban gama hucewa ba.

Suka mai da ni tabarma, suka gyara mini ɗankwali. Ina zaune sai ga Gwaggo tana tahowa da sandarta, da kwanonta a hannu, fuskarta duk hawaye amma tana murmushi. Ta zauna daf da ni.

"'Yata, wannan ta gida ce! Cokali ɗaya na kai baki na gane ta. Na ce wa sauran, ku tsaya, wannan ta uwarmu ce. Ashe ɗan'uwana ya riƙe ta duk shekarun nan?"

"Ya riƙe, Gwaggo."

"Allah ya ji ƙansa, ya ba shi hutun da bai samu a nan ba. Ai ba a gaya miki ba, bana za mu koma. Gidaje kaɗan ne, amma mun yanke shawara, maza har sun je sun yi sharar gona. Abin da yake damuna ke nan, in koma in shuka irin leda a ƙasar ubana." Ta kwance bakin zanenta, ta shimfiɗa shi a cinya. "Ba da yawa nake so ba. Ko cikin tafin hannu ɗaya ki ɗebo mini."

Na dubi bakin zanen. Shugabar zumunta tana tsaye a ƙofa da hannu a baki.

"Gwaggo," na ce, "ita ce kika ci."

Ba ta gane ba da farko. Na sake faɗa mata, na ce ita ke nan, babu wata a ciki, babu a ko'ina. Sa'an nan ta saki bakin zanen, ta jawo kwanon kusa, ta sa yatsa tana suɗe abin da ya maƙale a gefe, a hankali, har ba abin da ya rage.